Baba, Danna Nan

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ba ka sauƙin ciwon bayan nan da kake ɓoye mana, wanda Anti ta riga ta tona maka asiri tun tuni, ya kuma sa albarka a aikin da ya riƙe ka a can. Mu nan sai godiya. Mama tana nan da ƙafarta, wata rana ta bar ta ta zagaya gida, wata rana ta zaunar da ita wuri guda, amma bakin nan garau yake, har gobe ba wanda ya isa ya jingine tsintsiya inda ba nan ta ce ba. Gwaggo an yi mata aikin yanar ido lafiya, ta ce tun da ta fara gani tangaran ta gano ashe dukanmu mun tsufa, har da kai a hoto. Maigidana yana nan yana fama da hidima, yara kuma suna ta girma suna cinye mana gida.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa daga wadda kuke waya da ita kowane mako. Dalili shi ne ni ban iya faɗin gaskiya a waya ba. Kullum in ka kira kana kan hanya ko kana shirin shiga wani taro, ni kuma da na ji muryarka sai bakina ya riga ni cewa lafiya lau, kowa lafiya. In ka tambayi Baba in ce da sauƙi, kai ma ka ce alhamdu lillahi, shi ke nan mun sallami juna. Yau na zauna ne in ba ka labarin tun daga tushe, don haka ka nemi wuri ka zauna, kada ka karanta min wasiƙa a tsaye.

Da farko dai sabuwar kwamfutar da ka aiko wa Baba ta iso lafiya, ko ƙwarzane babu. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Mama ta sa an nuna wa duk wanda ya shigo gaisuwa, har da mai kawo mana ruwa. Sai dai, Yaya, Baba bai yi aiki da ita ba ko na rana ɗaya, kuma a kan wannan nake son mu yi magana.

Ka tuna lokacin da hannun Baba ya fara rawa, buroshi ya daina yi masa biyayya, masu shaguna kuma suka koma wajen masu buga allo da inji? Mutumin da ya rubuta sunan kusan kowane shago a titinmu ya koma zaman kashe wando a ƙofar gida yana kallon allunansa suna koɗewa. Kai ne ka ɗauko masa tsohuwar kwamfutarka kafin ka tafi, ka ce in hannu ya gaza ido bai gaza ba, zai iya ci gaba da zanen allo a cikinta. Ina tsaye a bayanku ranar. Jakarka tana bakin ƙofa, mai mota yana ta danna oda a waje, kai kuma ka ajiye fayil guda a tsakiyar fuskar kwamfutar, ka sa masa suna da manyan baƙaƙe, BABA DANNA NAN. Ka ce masa ya danna sau biyu, ya jira, kada ya yi gaggawa, faifai zai fito, in ya fito ya buɗe shi ya danna mai alamar buroshi. Baba ya juya kwamfutar gaba da baya yana neman ramin da faifan zai fito, ka yi ta dariya kana cewa ai wannan hoton faifai ne, ba a riƙe shi a hannu, a fuskar kwamfutar kawai yake bayyana. Ya ce to lallai ka kawo masa faifan aljanu. Sannan ka nuna masa yadda zai fitar da faifan in ya tashi daga aiki, ka sunkuci jakarka ka fita.

Daga ranar har kwamfutar ta mutu, Baba bai taɓa sauya ko ɗaya daga abin da ka ce ba. Da safe ya yi wanka, ya sa rigar aikinsa mai ɗigon fenti duk da ya daina taɓa fenti, ya shiga ɗakin gaba da muka mayar masa shago, ya kunna fankar nan mai ƙara, ya zauna. Sai ya kama maus, wanda har yau ɓera yake ce masa, ya riƙa maimaita maganarka a fili, danna sau biyu, ka jira, kada ka yi gaggawa. In faifan ya bayyana ya ce to, an buɗe shago. Da yamma kuma ko gobara ake ba zai tashi ba sai ya fitar da faifan ya ga ya ɓace daga fuskar kwamfutar, wai ba a barin shago a buɗe. Mu dariya muke yi masa a lokacin, ba mu san wata rana wannan ne zai rage mana ba.

Ka san likita ya ce ciwon mantuwa ne yake damun Baba. Abin da ba ka sani ba shi ne inda ya kai, don ni na ɓoye maka. Baba ya daina gane hanyar banɗaki sai an riƙe masa hannu. Yakan tambayi Mama yaushe za ta koma gidansu, ita kuma ta ce masa sai ta gama shanya. Ni da yake kira Uwata tun ina cikin zani, yanzu Malama yake ce min, cikin ladabi da girmamawa, don ya ɗauka mai kawo aiki ce. Ranar da ya fara kira na haka na shiga bayan ƙofa na yi kuka har na gode Allah, yanzu kuwa na saba, nakan amsa kawai. Amma duk da haka, in ya zauna gaban kwamfutar nan sai ka rantse lafiyarsa ƙalau. Ya san wane rubutu ya dace da shagon aski, wane ya dace da kantin magani, ya san ja ba ya zama a kan kore, kuma yana faɗan nan nasa a kan tazarar baƙaƙe kamar da. Mama ce ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ta roƙe su, suka riƙa kawo masa aikin da ba sa bukata. Telan da ke kallon tagarmu ya sa an zana masa allon shago ya fi a ƙirga, kullum ya karɓi takardar da firinta ta fitar da hannu biyu, ya yaba, ya ninke ya sa a aljihu. Mai aski ma haka. Allah ya saka wa mutanen nan, ban san da bakin da zan gode musu ba.

To ana nan, wata safiya Baba ya danna maɓalli kwamfuta ta ce ba ta san zance ba. Ya sake dannawa, shiru. Na sauya waya, na sauya soket, na kai ta ɗakin Mama na gwada, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Shi ne na kira ka, kai kuma cikin halinka na kirki ka ce kada a wahalar da kai a kan tsohon ƙarfe, za ka aiko da sabuwa, kuma za ka sa a ɗora mata sabon samfurin manhajar zanen tun daga can. Haka kuwa aka yi. Na share teburin, na goge ƙura, na matsar da gwangwanayen fentin nan da suka bushe, na kafa ta, na kamo hannun Baba na zaunar da shi. Ya ɗora hannu a kan ɓeran, ya fara, danna sau biyu, sai ya tsaya. Idonsa ya bi fuskar kwamfutar sama da ƙasa yana neman inda aka rubuta sunansa. Na nuna masa alamar manhajar a ƙasa, na ce Baba wannan ta fi sauƙi, dannawa ɗaya take buɗewa, ba faifai ba jira. Sai ya janye hannunsa ya ɗora a cinya, ya ce Malama ki yi haƙuri, wannan ba shagonsa ba ne, kuma shi ba ya taɓa kayan mutane.

Daga ranar bai sake shiga ɗakin ba. Ya daina neman rigar aiki, ya daina tambayar ko an kawo aiki. Sai ya zauna a bakin gado ya fuskanci bango tun safe har rana ta faɗi. Abinci sai Mama ta yi da gaske yake karɓar loma biyu, magana kuwa ta koma i da a'a, daga baya i ɗin ma ta yi wuya. Tela ya leƙo da takardarsa, Baba ya kalle shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Cikin 'yan makonni wandonsa ya fara zamewa, sai da na ƙara wa bel ɗinsa huda. Da na kai shi wajen likita na ba shi labari, ya ce min a irin wannan ciwo duk abin da mutum ya saba yi da hannunsa shi ne yake riƙe da shi, in ya saki kuwa da wuya ya sake kamawa, don haka in akwai yadda za a mayar masa da abinsa a yi da wuri. A wannan lokacin ne kake kira kana tambaya ko Baba yana jin daɗin sabuwar, ni kuma ina cewa sosai ma.

Na naɗe tsohuwar a zani na kai ta wajen wani mai gyara da Maigidana ya sani. Shagonsa a ƙarƙashin matakala yake, a benen nan na masu sayar da waya, wuri ne da in ka shiga sai ka fita da baya. Dattijo ne mai tabarau masu kauri, ga sukudireba a bayan kunne, ga gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi. Ya buɗe ta ya shinshina, ya ce ita kam ta riga mu gidan gaskiya, amma rumbun da take ajiya a ciki da ransa. Ya ciro shi ya jona a tasa, sai ga kayan Baba sun bayyana, ga BABA DANNA NAN a tsakiya kamar jiya ka ajiye shi. Da na ba shi labarin yadda Baba yake buɗe shago da rufewa, sai ya cire tabarau ya yi dariya har da tari, ya ce wato duk shekarun nan mahaifinku bai taɓa ɗora manhajar a kwamfutar ba. Na ce ban gane ba. Ya danna fayil ɗin, faifan ya fito, ya buɗe shi, ya nuna min da bakin sukudireba. Ga alamar buroshi a hagu, ga wata folda a dama, ga kibiya a tsakaninsu. Ya ce kibiyar cewa take a ja buroshin a jefa cikin foldar, sau ɗaya tak, shi ke nan manhaja ta zauna a kwamfuta, a yar da faifan. Ya ce hoton faifai kamar kwalin da kaya suke zuwa a ciki ne, ana ciro kaya a jefar da kwali, shi kuwa Baba kullum sai ya buɗe kwalin ya yi aiki da kayan a ciki, da yamma ya mayar ya rufe.

Yaya, ina ganin kibiyar nan na gane ta. Baba ya sha nuna min ita yana tsaki, yana cewa duk wanda ya zana ta bai san aiki ba, kibiya ba rubutu a ƙarƙashinta ai ɓata wuri ce, wa zai san inda take aika shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zana wa mutane kibiya, shago yana ciki, a bi ta nan, shi ne ya shekara da shekaru yana kallon wadda aka zana dominsa bai bi ta ba, saboda ɗansa bai ce ya bi ba. Kai kuma Injiniya guda, mai mota ya ruɗa ka da oda ka manta ka ce masa ya ja. Ba laifi nake ɗora maka ba, wallahi. Da ka tuna, da Baba bai sami shagon da zai riƙa buɗewa yana rufewa ba, da ban san me zai tashe shi daga gado ba a shekarun nan. Mantuwarka ce ta zame mana alheri.

Mai gyara ya kwafar min fayil ɗin a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya ce in gwada a sabuwar, amma bai yi min alkawari ba, don manhajar ta tsufa ƙwarai. Ni kuwa murna ta hana ni jin ƙarshen maganarsa. Na dawo gida da saurina na ajiye fayil ɗin a tsakiyar fuskar sabuwar kwamfutar, daidai inda yake a tsohuwar, ban ma tsaya na gwada ba. Na lallaɓo Baba da ƙyar, Mama tana riƙe da ɗaya hannun. Da idonsa ya faɗa kan sunansa sai na ga bayansa ya miƙe. Ya kama ɓera, bakinsa ya fara motsi, ya danna sau biyu, ya jira. Faifan ya fito. Ya juyo ya kalli Mama yana murmushi, rabonmu da ganin haƙoransa har mun manta, ya ce an buɗe shago. Ya buɗe faifan ya danna buroshi, sai wani ɗan akwatin rubutu ya fito yana cewa wannan manhaja ba za ta yi aiki a wannan kwamfuta ba. Ya rufe shi ya sake dannawa, ya sake fitowa. Ya yi ta yi, yana gaya wa kansa kada ya yi gaggawa. Can ya juyo gare ni idonsa cike da hawaye, ya ce Malama ki gafarce shi, yau aikin ya gagare shi, bai taɓa saɓa wa mai aiki ba, ki dawo gobe. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Mama ta ja shi suka fita, ni kuma na zauna a kujerarsa na kifa kai a teburin.

Washegari na koma wajen mai gyara idona a kumbure. Yana ganina ya turo min kujera. Ya ce saura hanya ɗaya. Zai ɗauki hoton rumbun gaba ɗayansa, ba fayil guda ba, duk abin da ke ciki yadda yake, da tsohon tsarin da manhajar ta saba da shi, da ayyukan Baba, har da hoton da ke bangon fuskar. Sannan a nemo wata kwamfuta irin tsohuwar sak, a zuba mata hoton, in ta tashi ita kanta ba za ta san ba ita ba ce. Matsalar ita ce samun irinta, don an daɗe da daina yin su. Mutumin nan ya bar aikinsa ya yi ta kiran abokan sana'arsa, ni da Maigidana muka yi ta zagayen masu sayar da tsofaffin kaya, a nuna mana wannan mu aika masa hoto ya ce ba ita ba ce. Kullum na dawo gida sai na tarar Baba ya ƙara zubewa. A ƙarshe a wani ofis da suke kwashe tsofaffin kayansu aka samo ta, a ƙarƙashin tarin kujeru, da tabon kofin shayi a kanta.

Ina zaune a shagon ya zuba mata hoton. Wani siririn layi ya riƙa tafiya a fuskar kamar ba zai kai ba, ni kuma ina ta addu'a a zuci. Da ta tashi sai ga hotonku kai da Baba a bangon, wanda kuka ɗauka a ƙofar tsohon shago kana riƙe masa tsani, ga BABA DANNA NAN a kan ƙirjinka. Mai gyara ya gwada, faifai ya fito, buroshi ya buɗe, ga allon tela na ƙarshe da Baba bai gama ba. Sai hannunsa na mai sana'a ya motsa, ya ce bari ya ja manhajar ya zaunar da ita yadda ya kamata tunda ga shi a kai. Yaya, ban san lokacin da na riƙe hannun dattijon mutane ba. Na ce don girman Allah ya bar kibiyar nan yadda ya gan ta. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce na fi shi gaskiya, shi ya saba gyara kwamfuta ne kawai. Ya ba ni kwafin hoton a filas biyu, ya ce in adana ɗaya in aika maka ɗaya. Wai shi hoto ba ya tsufa, ko bayan shekara ashirin aka zuba shi haka zai tashi, ba abin da zai manta.

Na jona mata tsohon kibod ɗin Baba mai ɗigon shuɗin fenti, da tsohon ɓeransa, na mayar da gwangwanayen inda suke, na kunna fanka. Wannan karon sai da na gwada da kaina har na gaji. Da safe Mama ta ɗauko rigar aiki ta miƙa masa, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaga hannu aka sa masa. Ya zauna. Ya ce danna sau biyu, ka jira, kada ka yi gaggawa, kuma wallahi da irin muryarka ya faɗa, har da yadda kake jan ƙarshen magana. Faifai ya fito, buroshi ya buɗe. Bai yi murna ba, bai yi mamaki ba, kamar jiya ya tashi daga wurin. Ya gyara zama ya ce Malama me za a rubuta miki. Ban shirya ba, sai na ji bakina ya ce allon ƙofa nake so, a rubuta Sannu da Zuwa. Ya tambayi sunan wa za a sa a ƙasa, na ce Injiniya. Ya yi 'yar dariya ya ce shi ma yana da wani Injiniyan, tun yana ƙarami ya kwance masa rediyo ya kasa mayarwa, yanzu yana can wata ƙasa, shi ne ma ya koya masa wannan aikin. Ya zaɓi shuɗi a kan fari, ya yi ta gyaran tazara har sai da ta yi masa. Ranar ya cinye abincinsa tas, har ya yi wa Mama ƙorafin gishiri.

Da a nan labarin ya tsaya, da a waya zan ba ka shi muna dariya. Ya koma aiki, gaskiya ne, tela da mai aski sun dawo da takardunsu, jikinsa ma ya ɗan murmure. Amma makonnin da ya yi a bakin gado sun tafi da wani abu da bai dawo ba. Yanzu yakan tsaya a tsakiyar aiki ya rasa me yake nema. Yakan rubuta kalma ya bar ta ba ƙarshe. Abin da ya fi tsorata ni, ya fara tashi da yamma ya bar faifan a buɗe. Baba, da ko kiran abinci bai isa ya tashe shi ba sai ya rufe shago. Ranar farko na ɗauka gajiya ce, na tuna masa, ya ce af, ya koma ya fitar. Yanzu in na tuna masa sai ya kalle ni kawai. Ni nake shiga bayan ya fita in fitar da faifan in kashe fanka, don ba na iya kwana na san shagon Baba a buɗe yake.

Sai kuma makon jiya. Ya zauna kamar kullum, ya kama ɓera, ya faɗi maganarka tun daga farko har ƙarshe, faifai ya fito. Maimakon ya buɗe, sai ya juyo ya ce Malama, wai wa ya koya masa wannan karatun ne, yana jin muryar a kunnensa amma ya rasa mai ita. Na ce ɗanka ne, Baba, Injiniya. Na nuna masa hotonku a bangon, na ce ga shi nan yana riƙe maka tsani. Ya matso da fuska ya daɗe yana kallo. Ya ce ashe yana da ɗa babba haka, Allah ya yi masa albarka, da gani yaron kirki ne. Sannan ya ce in ya zo a sanar da shi, yana so ya yi masa godiya, don ya taimake shi ƙwarai.

Yaya, ni na riga na zama Malama, na haƙura, ina nan kusa da shi ko ya san ni ko bai san ni ba. Mama ma ta haƙura da zama baƙuwar da ba ta gama shanya ba. Kai kaɗai ka rage masa, kai ɗin ma muryarka ce ta rage, ita ma ga shi ta fara rabuwa da sunanka. Na san za ka ce a haɗa ku ta bidiyo. Mun gwada kana gani, kallon wayar yake kamar talabijin, in ka yi magana ya waiwaya yana neman wanda ake yi da shi. Na san kuma za ka ce me za a aiko. Kada ka aiko da komai. Sabuwar kwamfutar tana nan lafiya, yara suna aikin makaranta da ita suna sa maka albarka. Filas ɗinka yana cikin ambulan ɗin nan, ka adana, mai gyara ya ce duk ranar da wannan ta mutu za a sake tayar da shagon Baba daga cikinsa yadda yake. Shagon ke nan. Mai shagon kuwa ba mu da kwafinsa.

Ka nemi hutu ka zo, ko na mako ɗaya ne. Ba sai ka zo da tsaraba ba, ba kuma sai ka shirya abin da za ka faɗa ba. Ka jawo kujera kawai ka zauna ta hannun damansa yadda ka zauna ranar, ka ce masa ya danna sau biyu ya jira. Ina kyautata zaton in ya ji muryar daga bakin mai ita zai waiwayo ya gane ka. Ban ce tabbas ba, kuma ban san har yaushe wannan zaton zai kai ba, shi ya sa na ce kada ka bari sai ƙarshen shekara. Allon da ya yi maka ban sa shi a ambulan ba, da gangan. Na manna shi a ƙofar ɗakinka, in kana son ganinsa ka san hanya.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce mata na gode da maganin ƙafar Mama, kuma ita na ba amanar ta tsaya a kanka har ka sayi tikiti. Ka shafa min kan Babban Yaya da 'Yar Baba da ƙaramin nan mai cizo da ban taɓa ɗauka ba. Mama tana gaishe ku tana sa muku albarka, ta ce in gaya maka ta wanke labulen ɗakinka. Gwaggo tana gaisuwa, Kawu yana gaisuwa, Maigidana da yara duk suna gaisuwa, haka tela da mai aski, har mai gyara ya ce a gaishe da mutumin da ya manta da kibiya. Baba kam ba zan yi maka ƙarya in ce ya ce a gaishe ka ba. Saƙonsa godiyar nan ce, na kuma ce masa bari in rubuta maka ita a takarda, ya ce a'a, irin wannan da baki ake yi, zai jira.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da shi.

Ƙanwarka,
Uwar Baba